Isambard Kingdom Brunel, Injiniyan da Ya Sauya Ƙirar Jirgin Ruwa

Duk wanda ya taɓa ganin manyan jiragen ruwa a tashar Apapa ko ta Fatakwal ya san irin kayan da suke ɗauka: shinkafa, alkama, motoci da kwantenoni masu ɗimbin yawa. Cikin irin wannan jirgi fili ne mai faɗi, amma duk da haka ba ya karyewa a tsakiyar teku. Ɗaya daga cikin mutanen da suka share fagen wannan fasaha shi ne wani injiniya ɗan Ingila mai suna Isambard Kingdom Brunel.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Brunel a garin Portsmouth na ƙasar Ingila ranar 9 ga Afrilu, 1806. Mahaifinsa, Marc Brunel, injiniya ne Bafaranshe wanda ya bar ƙasarsa a lokacin juyin juya hali. Mahaifiyarsa kuwa, Sophia Kingdom, Baturiyar Ingila ce. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya koya masa zane da lissafi. Daga baya aka tura shi karatu Faransa, inda kuma ya koyi aikin hannu a wurin wani shahararren mai haɗa agogo. Ya komo Ingila a 1822, ya shiga aiki tare da mahaifinsa.

A 1825 mahaifin ya fara haƙa hanya a ƙarƙashin Kogin Thames a Landan, ɗan kuma ya zama mai kula da ma'aikata. A watan Janairu na 1828 ruwan kogin ya fasa ya malalo cikin ramin. Mutum shida suka rasu, shi kuma Brunel ya tsira da ƙyar, da mummunan rauni. Tun yana ɗan shekara ashirin da ɗaya ya ga irin ɓarnar da ruwa yake yi idan ya sami kafa.

A 1833 aka naɗa shi babban injiniyan layin dogo da zai haɗa Landan da Bristol. Ya gina gadoji da tashoshi, sunansa ya bazu ko'ina a ƙasar. Daga nan hankalinsa ya koma kan teku.

Jirgi na Farko

A wancan zamani mutane da yawa suna ganin jirgi mai aiki da tururi ba zai iya ƙetare Tekun Atlantika ba, domin kwal ɗinsa zai ƙare a hanya. Brunel ya amsa musu da lissafi. Idan aka ninka tsawon akwati da faɗinsa da zurfinsa sau biyu, abin da zai ci ya ninku sau takwas, amma fuskarsa ta ninku sau huɗu kawai. Haka jirgi yake. In ya ƙara girma, wurin zuba kwal da kaya yana ƙaruwa fiye da yadda turjiyar ruwa take ƙaruwa. Saboda haka babban jirgi ya fi ƙarami dacewa da doguwar tafiya.

Ya tabbatar da wannan da jirgin Great Western, wanda aka ƙera da katako a Bristol. A 1838 jirgin ya isa New York cikin kwana goma sha biyar, da sauran kwal a cikinsa.

Matsalar Dogon Jirgi

Sai dai girma yana zuwa da tasa matsalar. Ɗauki dogon kara ka tallafe shi a tsakiya, za ka ga bakinsa biyu sun sunkuya. Ka tallafe shi a baki biyu, za ka ga tsakiyarsa ta lotsa. Abin da igiyar ruwa take yi wa dogon jirgi ke nan. Wani lokaci ta ɗaga tsakiyarsa, gaba da baya su rataya. Jim kaɗan ta ɗaga gaba da baya, tsakiyar ta lotsa. Ana yin haka dare da rana har tafiya ta ƙare. Jirgin katako idan ya cika tsawo, mahaɗansa sukan saki, ruwa ya shiga.

Don haka Brunel ya koma ga ƙarfe. Jirginsa na biyu, Great Britain, wanda aka saka a ruwa a 1843, tsawonsa mita 98 ne, kuma a lokacin babu jirgin da ya kai shi girma. Farfela ce take tura shi. An shimfiɗa dogayen ƙarafa a ƙasansa daga gaba zuwa baya, an kuma raba cikinsa da bangaye masu hana ruwa wucewa, ta yadda idan wani sashe ya huje, sauran ba za su cika ba.

A 1846 jirgin ya kafe a gaɓar tekun Ailan. Ya yi kusan shekara guda a wurin, iska da igiyar ruwa suna dukansa, amma bai wargaje ba. Aka janyo shi aka gyara, ya yi shekaru yana kai mutane Ostareliya, daga baya ya koma dakon kwal. A 1970 aka maido da shi Bristol, kuma yana nan har yau mutane suna zuwa kallo.

Babban Jirgi

Burin Brunel na ƙarshe shi ne jirgin da zai je Indiya ko Ostareliya ba tare da ya tsaya ɗibar kwal a hanya ba. Ya haɗa kai da wani maƙerin jirage mai suna John Scott Russell, suka fara aikin a bakin Kogin Thames a 1854. Sunan jirgin Great Eastern. Tsawonsa mita 211, kuma an tsara shi ya ɗauki fasinja 4,000.

A nan ne fasaharsa ta fi fitowa fili. A al'ada, maƙera sukan jera haƙarƙarin jirgi a gicciye, kamar na dabba. Wannan tsari yana hana gefen jirgi matsewa, amma bai cika hana shi lanƙwasa a tsawonsa ba. A Great Eastern an shimfiɗa haƙarƙarin a tsawon jirgin, wato daidai inda ƙarfin igiyar ruwa yake bi. Sannan aka yi wa jirgin jiki biyu, na waje da na ciki, da tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba a tsakaninsu. Daɓen sama ma riɓi biyu aka yi shi. Ta haka jirgin ya zama kamar dogon akwatin ƙarfe.

Gora misali ce mai kyau a nan. Cikinta rami ne, amma tana da wuyar karyewa, domin ƙarfinta yana jikinta na waje, ga kuma gaɓoɓi da suke riƙe ta. Idan sanda ta lanƙwasa, samanta da ƙasanta ne suka fi shan wahala, tsakiyarta ba ta ɗaukar nauyi sosai. Saboda haka idan aka tara ƙarfe a ƙasan jirgi da gefensa da samansa, ana iya samun ƙarfi ba tare da an cushe cikinsa ba.

Wahala da Rasuwa

Wannan aiki ya ci wa Brunel lafiya da dukiya. Shi da Russell sun yi ta samun saɓani a kan kuɗi, har aikin ya tsaya na wani lokaci. Ranar 3 ga Nuwamba, 1857, aka yi ƙoƙarin tura jirgin cikin kogi ta gefe. Ya ɗan gusa ya tsaya, wani ma'aikaci kuma ya rasa ransa. Dubban 'yan kallo suka watse, jaridu suka yi ta ba'a. Sai da aka yi kusan wata uku ana turawa kaɗan kaɗan kafin ya hau ruwa ranar 31 ga Janairu, 1858. Kuɗin kamfanin ya ƙare, dole aka sayar da jirgin ga wani sabon kamfani.

Ranar 5 ga Satumba, 1859, Brunel yana cikin jirgin yana duba shirin tafiyar gwaji sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Bayan 'yan kwanaki wani abu ya fashe a jirgin a kan teku, wasu masu zuba kwal suka mutu. Brunel ya rasu ranar 15 ga Satumba, 1859, yana da shekara 53. Ya bar matarsa Mary da 'ya'ya uku.

Abin da Ya Bari

Great Eastern bai kawo riba a jigilar fasinja ba, domin ya fi ƙarfin kasuwar zamaninsa. Amma ƙirarsa ta nuna ingancinta. A 1862, kusa da New York, jirgin ya gogi wani dutse a ƙarƙashin ruwa, jikinsa na waje ya tsage kimanin mita 25. Jikin ciki ya tare ruwan, jirgin ya isa tasha da mutanensa lafiya. A 1866 kuma shi ne ya shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin Atlantika, wadda ta haɗa Turai da Amurka. Sai a 1899 aka sami jirgin da ya fi shi tsawo.

A farkon ƙarni na ashirin wani injiniya mai suna Joseph Isherwood ya fito da nasa tsarin na haƙarƙarin tsawo, wanda ya rage nauyin ƙarfe, ya kuma sami karɓuwa a jiragen dakon mai. A yau manyan jiragen kaya suna da ƙasa riɓi biyu. Jirgin kwantena yana da baki mai faɗi domin a sauke kaya kai tsaye daga sama, don haka akan tara ƙarfinsa a ƙasa da gefe biyu. Dokokin duniya kuma sun wajabta wa manyan jiragen dakon mai jiki biyu, domin kada mai ya malala cikin teku idan an yi haɗari.

Ma'anar Kalmomi

Turjiya: ƙin ba da hanya cikin sauƙi.
Lotsa: lanƙwasa zuwa ciki ko ƙasa.
Mahaɗi: wurin da abu biyu suka haɗu.
A gicciye: daga wannan gefe zuwa wancan.
Tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu.
Dako: ɗaukar kaya don a biya.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Brunel, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa babban jirgi ya fi dacewa da doguwar tafiya?
3. Bayyana hanyoyi biyu da igiyar ruwa take lanƙwasa dogon jirgi.
4. Mene ne ya ceci Great Eastern a 1862?
5. Yi amfani da misalin gora ka bayyana yadda jirgi yake samun ƙarfi da fili a lokaci guda.