MALAM ABDULLAHIN GWANDU DA SULHUN KALAMBAINA

Yau za mu ɗan leƙa rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa.

An haife shi wajajen shekarar 1766. Ya yi karatu a hannun yayansa da Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya zama gagarabadau a fiƙihu da larabci. Shi ya rubuta tafsirin Liya'ut Tawili, da Liya'ul Hukkami wanda ya wallafa a Kano. A 1812 Shehu ya raba kulawar daula, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello.

Jarrabawa ta zo a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato, Malam yana Boɗinga. Kafin ya iso an yi wa Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ku auna wannan a zukatanku: dattijo, malami, baffa, an bar shi a waje. Yana da mabiya da mayaƙa, amma bai zare takobi ba. Ya juya, zumunci ya yi sanyi na wasu shekaru.

Da tawayen Kalambaina ya yi tsanani kusa da Gwandu, Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa. Masu tarihi sun ruwaito cewa bayan nasara, Bello ya yunƙura zai sauko daga doki ya gaishe shi kamar yadda ya saba. Malam ya hana shi, shi ne ma ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Allahu Akbar! Ɗa ya riƙe girman baffa, baffa ya riƙe girman shugaba, babu wanda ya koma gida a wulaƙance. A kan wannan jituwa Malam ya rasu a Gwandu a 1829.

To, 'yan uwana na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kun ga abin da ido bai so gani ba, har da kwashe ɗaliban makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020. Zubar da jini ya fi saɓanin magabatan nan nisa, kuma sulhu ba ya shafe haƙƙi. Amma darasin yana nan. In an zauna sulhu, a saurari matar da aka kashe wa miji, da manomin da aka hana noma, da makiyayin da aka kore wa shanu bai ji ba bai gani ba. Wanda aka tashi taro ba a ga mutuncinsa ba, da ciwonsa zai koma gida, kuma ciwon da aka rufe ba a wanke ba, ruɓewa yake yi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabata. Amin.