Dokta Yusufu Bala Usman: Jikan Sarki Da Ya Tona Asirin Masu Ci Da Addini

A filinmu na tarihin magabata na wannan mako, za mu waiwayi rayuwar marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi da siyasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Musulmi ne, kuma ɗan sarauta, amma abin da ya rubuta ya shafi duk mai zuwa coci da duk mai zuwa masallaci a Arewa.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina cikin 1945. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, kakansa kuwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya yi karatun digiri a Jami'ar Lankasta ta Ingila, ya dawo ya koyar a Kwalejin Barewa, daga nan ya koma jami'a, inda ya sami digirin dokta a 1974 da bincikensa kan tarihin ƙasar Katsina.

Wannan bincike ya shafe mu, mu mutanen Tsafe. A da can, yankinmu a cikin ƙasar Katsina yake, shi ya sa ake ce wa sarkin Gusau Sarkin Katsina, sarkinmu kuma 'Yandoton Tsafe. Garin 'Yandoto matattarar malamai ne tun kafin jihadi. Malamansa masu ilmi ne, amma da yawansu ba su bi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, har Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi. Irin wannan tarihi ne ya sa Dokta Bala ya ƙi yarda da bayanin Turawa cewa jihadi rigima ce kawai tsakanin Fulani da Haɓe. A ganinsa, wanda ya tsaya ga sunan ƙabila ko na addini bai fara fahimtar rikici ba, sai ya binciki mulki, haraji, gona da kasuwa.

Da wannan ido ya dubi siyasar zamaninsa. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sa shi cikin kwamitin tsara tsarin mulki. Da aka gama aiki a 1976, shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi bin ra'ayin sauran, suka rubuta nasu rahoto dabam, domin a ganinsu daftarin ya fi kare masu hali a kan talakawa. Bai raina 'yancin zaɓe da na faɗar albarkacin baki ba, sai dai yana ganin 'yancin da ke kan takarda ba ya amfanin wanda yunwa da jahilci suka ɗaure. Daga baya ya zama sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP.

Littafinsa da ya fi dacewa mu sani shi ne The Manipulation of Religion in Nigeria, na 1987, wanda ya yi bayanin yadda ake juya addini don biyan bukata. Shekaru goman da ya duba sun haɗa da muhawarar kotun shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, tarzomar Maitatsine a Kano cikin 1980, cece-kucen shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986, da rikicin Kafanchan na watan Maris 1987. Bai ɗora laifi kan Musulunci ko Kiristanci ba. Ya ɗora shi kan wasu manya daga ɓangarorin biyu, masu cin kwangila da dukiyar gwamnati, waɗanda in an matsa musu da tambayar inda kuɗi suka shiga, sai su yafa rigar addini. A saman tebur abokan ciniki ne, a ƙasa kuma 'ya'yan talakawa ke kashe juna.

Faɗar haka ba ta zo masa da sauƙi ba. A zamanin Janar Babangida an raba shi da aikinsa, sai da kotu ta mayar da shi. Akwai kuma masu sukarsa da cewa ya cika mayar da kome ga dukiya, alhali mutane da yawa da zuciya ɗaya suke kishin addininsu. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta rushe gargaɗinsa ba. Mai kishi na gaskiya ai shi ya fi sauƙin hawa ga mayaudari.

Ya rayu har ya ga ƙaddamar da shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, da jinin da aka zubar a Kaduna a watan Fabrairu 2000. Ya rasu ran 24 ga Satumba 2005, yana da shekara 60.

'Yan'uwa masu karatu, sashe na 10 na tsarin mulkinmu ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, amma doka kaɗai ba ta tsare gari. Duk ranar da ɗan siyasa ya zo ƙofar coci ko ta masallaci yana kiranmu da sunan Allah, sai mu tambaye shi batun asibiti, makaranta da tsaron hanyar Funtuwa zuwa Gusau. In ya kauce wa amsa, to mun san abin da ya kawo shi.