Shehu Usmanu Ɗanfodiyo: Lafazi da Gyaran Zuciya

An haifi Shehu Usmanu a Maratta cikin 1754, ya girma a Ɗagel. Kimanin shekara biyar ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara, cikin jama'ar da akasarinta ba ta jin Larabci. Muhammadu Bello ya bayyana a Infaƙul Maisuri yadda yakan fito majalisi da murmushi, ya yi sallama, kafin ya soma magana. Cututtukan zuciya, irin su hassada, riya da girman kai, ya rubuta wa malamai su da Larabci. Sauran jama'a kuwa ya gargaɗe su da waƙen Fulatanci mai sauƙin haddacewa. Ya soki ɗaliban da ke rikita zukatan talakawa da gardamar tauhidi. Ya rasu a Sakkwato cikin 1817.