Alexander Fleming: Likitan da ya gano penisilin ya kuma yi gargaɗi a kansa

An haifi Alexander Fleming a ranar 6 ga watan Agustan 1881 a wata gona da ke kusa da garin Darvel a Sikotland. Ɗan manomi ne, kuma sai da ya yi shekara huɗu yana aikin akawu a Landan kafin ya shiga makarantar likitanci ta Asibitin St Mary's.

A Yaƙin Duniya na Farko ya yi aikin likitan soja a Faransa, inda ya ga sojoji suna mutuwa saboda ƙwayoyin cuta sun shiga raunukansu.

A watan Satumban 1928, da ya dawo daga hutu, sai ya tarar funfuna ta fito a wani faranti da yake renon bakteriya, kuma duk bakteriyar da ke kewaye da ita ta mutu. Sinadarin da funfunar ke fitarwa shi ne ya sa wa suna penisilin.

Tace sinadarin ya gagare shi, sai da Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford suka mayar da shi magani. Su ukun aka bai wa kyautar Nobel a 1945.

A jawabinsa na karɓar kyautar, Fleming ya yi gargaɗin cewa wata rana kowa zai iya sayen penisilin a shago, kuma wanda ya sha ƙasa da ƙima ba zai kashe ƙwayoyin cutar ba, zai koya musu jure wa maganin ne. Ya rasu a ranar 11 ga watan Maris na 1955.

Abin da ya guda ya faru. An ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

Ko a manyan makarantu akwai ɗaliban da ke sayen kafso a kemis ba takardar likita saboda mura, alhali irin wannan magani ba ya kashe bairos da ke kawo ta. Wasu da zarar sun ji sauƙi sai su ajiye sauran, ko su miƙa wa abokin ɗaki. Bakteriyar da ta tsira daga irin wannan sha ita ce ke hayayyafa ta kama wani, wanda ranar da zai kwanta a asibiti maganin ba zai yi masa aiki ba.