Ahmad Baba na Tumbuktu, malamin da sarƙa ba ta hana shi karantarwa ba

Duk wanda ya bi labarin Mali a watan Janairun 2013 zai tuna da sunan Ahmad Baba. A lokacin ne ƴan bindiga, kafin su fice daga Tumbuktu, suka cinna wa tsofaffin littattafai wuta a cibiyar da ke ɗauke da sunansa, inda aka yi asarar sama da 4,000. Mai sunan ma ya ga irin wannan ranar da idonsa shekaru fiye da 400 kafin nan, kuma yadda ya yi da ita shi ya sa har yau ake ambatonsa.

An haifi Ahmad Baba a watan Oktoban 1556, cikin zuriyar Akit, gidan malamai da alƙalan Tumbuktu a zamanin daular Songai. Kakansa ya taɓa zama a Kano yana karantarwa bayan dawowarsa daga aikin hajji. Yaron ya soma karatu a wurin mahaifinsa da baffansa, sannan ya lazimci Muhammad Bagayogo sama da shekara 10. A gabansa ya sauke Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya kuma maimaita Muhtasar Halil har sau 8. Littafi guda sau 8, a hannun malami guda: haka aka gina shi.

Abin da ya rubuta daga baya game da wannan malami ya nuna cewa ba fiƙihu kaɗai ya kwasa a zaurensa ba. Ya siffanta Bagayogo da mutum mai haƙuri da ɗalibi mai nauyin fahimta, wanda yake yini yana karantarwa ba ya gajiya, yana sasanta mutane, yana kuma ba da aron littattafansa masu tsada ga duk wanda ya nema, ko da bai san shi ba.

A shekarar 1591 sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ya turo runduna ta ƙetaro Sahara ƙarƙashin Judar Basha. A Tondibi, kusa da Gao, bindigogin Maroko suka tarwatsa mayaƙan Songai. Malaman Tumbuktu ba su yi maraba da mamayar ba, masu mamayar kuma sun san haka. A watan Oktoban 1593 aka kama manyan gidan Akit, aka wawashe gidajensu. Ahmad Baba ya rasa littattafai 1,600, kuma a faɗarsa nasa ne mafi ƙanƙanta cikin ɗakunan karatun danginsa. Waɗannan littattafai duk da hannu aka kwafe su, wani ma sai an yi watanni kafin a gama shi.

A farkon 1594 aka tasa ƙeyarsu zuwa Marakesh cikin sarƙa. A hanya ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a ƙafa. Alƙalin Tumbuktu, Umar ɗan Mahmud, wanda aka tafi da shi yana dattijo, can ya rasu. Ahmad Baba ya yi kimanin shekara 2 a tsare, sannan aka sake shi a 1596 bisa sharaɗin ba zai bar birnin ba.

Masu tarihin Maroko sun kawo labarin ganawarsa da al-Mansur. Sarkin ya saba yin magana da mutane daga bayan labule. Ahmad Baba ya ƙi cewa komai sai da aka yaye labulen, domin a wurinsa yin magana ta bayan shamaki siffa ce ta Allah, ba ta ɗan Adam ba. Sannan ya tambayi sarkin dalilin da ya sa aka kwashe masa dukiya da littattafai, aka ɗaure shi, alhali shi Musulmi ne ɗan uwansa.

Mutumin da aka yi wa haka yana da hujjar ya naɗe hannu ya zauna yana jiran mutuwa. Shi kuwa sai ya koma kan aikin da ya sani. Ya buɗe zaman karatu a masallacin Shurafa na Marakesh, inda ɗalibai suka yi ta tururuwa, har da alƙalai da manyan malaman Maroko. Aka riƙa kawo masa tambayoyin shari'a yana ba da fatawa. A cikin wannan zaman dole ne ya kammala Nailul Ibtihaj, tarihin malaman mazhabar Malikiyya kimanin 800. A ciki akwai malaman yankinmu, irin su al-Aƙib al-Anusammani na ƙasar Agadas da Muhammad al-Tazakhti, alƙalin Katsina. Ba don wannan fursuna ya ɗauki alƙalami ba, da abin da muka sani game da su ya ragu ƙwarai.

Al-Mansur ya rasu a 1603. Ɗansa Zaidan ya ba malamin izinin komawa gida, ya isa Tumbuktu a 1608, bayan shekara 14. Ya tarar da birnin ya ja baya, amma ya ci gaba da karantarwa da rubutu.

Mutanen Tuwat, masu hulɗa da fataken Sahara, sun aiko masa da tambaya kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Amsarsa, a 1615, ita ce littafin Mi'irajus Su'ud. Bai soke bauta gaba ɗaya ba, domin ya yi magana ne cikin fiƙihun zamaninsa. Amma ya rushe da'awar da ke cewa baƙar fata alamar bauta ce, ya kuma lissafa Kano, Katsina, Gobir, Barno da Songai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Wanda ya taɓa jin nauyin sarƙa a jikinsa ya san abin da yake karewa.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilun 1627, yana da shekara 70, ya bar littattafai sama da 40.

A yau matasa da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna riƙe da takardar shaidar karatu ba aiki, wasu kuma kasuwa ta karye musu, har suna tambayar amfanin wahalar da suka sha a aji ko a zaure. Rayuwar Ahmad Baba ba ta yi wa kowa alkawarin sauƙi ba. Abin da ta nuna shi ne sojojin da suka kwashe littattafai 1,600 ba su iya taɓa abin da ya shige ƙirji ta hanyar maimaitawa ba, kuma halin da ya koya a zauren Bagayogo shi ya tsayar da shi a gaban sarki ba tare da ya durƙusa ba. Allah ya jiƙan malam, ya ba mu haƙurin neman sani.