Malam Muhammadu Alkashinawi, Masanin Lissafi da Hatimi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a kawo taƙaitaccen tarihin wani shaihin malami na ƙasar Hausa wanda sunansa ya fi shahara a Misira da ƙasashen Turai bisa ga yadda ya shahara a gida. Wannan malami kuwa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a birnin Alƙahira a shekarar 1741. Dalilin ɗauko tarihinsa shi ne, a yau kwamfuta ta shiga ofisoshi da makarantu da gidaje, har wasu daga cikin 'yan'uwa ɗalibai suna ɗauka cewa irin tunanin da ake gina manhajarta a kai baƙo ne fil a wurinmu. Rayuwar wannan bawan Allah za ta nuna cewa tsara aiki daki-daki bisa ƙa'ida, wanda shi ne ginshiƙin kowace manhaja, abu ne da malamanmu suka sani, suka karantar, har suka wallafa littattafai a kansa.

Asalinsa da Karatunsa

Kamar yadda laƙabinsa ya nuna, Malam Muhammadu Bafillace ne mutumin ƙasar Katsina, ana kuma danganta shi da garin Ɗan Ranko. Ya tashi a lokacin da Katsina take cibiyar ciniki da ilmi, domin a ƙarni na 17 ne ta yi manyan malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, waɗanda har yau ake tunawa da su.

Mafi yawan abin da aka adana na tarihinsa ya fito ne daga alƙalamin Abdurrahman Aljabarti, masanin tarihin Misira, a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. A nan ne aka lissafa malamansa, waɗanda suka haɗa da Shaihu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, da Shaihu Hashimu, da Muhammadu Fodu, da kuma Shaihu Muhammadu Bindu. A hannun Bindu ne ya karanci hisabi, da ilmin sanin lokuta, da ilmin aufaƙi, wato abin da Bahaushe yake kira hatimi. Abin lura a nan shi ne, dukkan waɗannan fannoni a nan ƙasashen Sudan ya same su tun bai taka Gabas ba.

Tafiyarsa Gabas da Wallafe-wallafensa

A shekarar Hijira ta 1142, wadda ta yi daidai da 1730, Malam Muhammadu ya yi aikin Hajji, sa'an nan ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ne ya fara rubuta babban littafinsa mai suna Durrul Manzum, wanda ya shafi taurari da ɗalasimai, ya kuma gina shi a kan wani tsohon littafi da ake dangantawa ga Fahruddini Arrazi. Bai kammala shi ba sai da ya isa Alƙahira, a shekarar Hijira ta 1146.

Ban da wannan, ya wallafa Bulugul Arab a fannin nahawu, da Manhul Ƙuddus, wanda waƙe ne a fannin manɗiƙi, ya kuma yi masa sharhi da kansa. To amma littafin da ya fi shafar zancenmu shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala wajen 1732, inda ya yi bayanin ilmin haruffa da hanyoyin cika hatimi.

Hatimi da Ƙa'idarsa

Duk wanda ya taso a Gwandu ko Kalgo, ko wani gari mai malaman zaure, ya taɓa ganin hatimi a jikin allo ko takarda. Murabba'i ne da aka rarraba gida-gida, aka zuba lambobi a ciki, ta yadda in aka tara na kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za a samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara. Layinsa na sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ta duk inda aka bi, 15 za a tarar.

Mutum yana iya haddace wannan ƙaramin hatimi, amma ina mai haddace na gida 49 ko 121? A nan ne ƙa'ida take shigowa. Ga misalin wata sananniyar hanya ta cika hatimin da yawan gidajen layinsa mara ne, wato uku, ko biyar, ko bakwai. A sa 1 a tsakiyar layin ƙasa. Daga nan a gangara gida ɗaya a karkace, ƙasa ta hannun dama, a sa lamba ta gaba. In an faɗa waje ta ƙasa, sai a ɓullo ta sama. In an faɗa waje ta dama, sai a ɓullo ta hagu. In kuwa an tarar da wata lamba ta riga ta zauna a gidan, sai a haura gida ɗaya bisa lambar da aka rubuta ta ƙarshe, a ci gaba daga can. Mai karatu yana iya gwadawa a takarda. Zai ga hatimin nan na sama ya fito daidai. Da wannan hanya ɗaya mai gida 25 zai ba da 65 a kowane layi, mai gida 49 kuma 175.

Irin waɗannan hanyoyi ne Malam Muhammadu ya tattara, ya bayyana su filla-filla, har da waɗanda ake bi da irin tsallen doki na wasan shaɗaranji, wato gida biyu gaba, ɗaya a gefe. Gaskiya ne ba shi ya ƙago hatimi ba. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun zamanin da, Ihwanus Safa na Basra sun kawo shi a ƙarni na 10, Albuni kuma ya yaɗa shi a ƙarni na 13. Haka nan kuma galibin masu neman wannan ilmi a zamaninsa don asiri da laya suke nemansa, abin da malamai suka daɗe suna saɓani a kai. Duk da haka, lissafin da yake ciki tsayayye ne, ba ruwansa da niyyar mai amfani da shi.

Dangantakarsa da Manhajar Kwamfuta

In aka duba ƙa'idar da aka kawo a sama da idon basira, za a ga abubuwa huɗu: wurin farawa, da mataki guda da ake maimaitawa, da sharaɗin abin da za a yi in hanya ta toshe, da kuma wurin tsayawa. Waɗannan su ne gaɓoɓin abin da masana kwamfuta suke kira algoridim, kalmar da aka samo daga sunan Alhawarizmi, masanin lissafin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Manhaja ba wani abu ba ce illa tarin irin waɗannan ƙa'idoji da aka rubuta wa na'ura.

A ɗauki misalin na'urar da take kula da saƙonnin imel. In saƙo ya iso gare ta, sai ta duba adireshin da yake bayan alamar @, wadda Ray Tomlinson ya fara amfani da ita ta wannan hanya a Amurka a 1971. In adireshin nata ne, ta ajiye saƙon a akwatin mai shi. In na wata na'ura ne, ta miƙa shi gaba. In waccan ba ta amsa ba, ta riƙe shi ta sake gwadawa bayan wani lokaci. Tsarin dai shi ne na mai cika hatimi: in gida yana buɗe a shiga, in a toshe yake a bi wata hanya da aka riga aka shata.

Akwai kuma darasi ga masu sha'awar ƙara wa na'urorinsu ƙarfi. Allo da tawada su ne tamkar ƙarfen na'ura, ƙa'ida kuwa ita ce manhaja. Babban allo yana ba da damar zana babban hatimi, amma wanda bai san ƙa'ida ba, ko allon ya kai faɗin tabarma ba zai cika shi daidai ba.

Rasuwarsa

A Alƙahira Malam Muhammadu ya sauka a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi ma masanin taurari ne, kuma mahaifin Abdurrahman da aka ambata. A wannan gida ya rasu a shekarar Hijira ta 1154, wato 1741, bayan ya yi wasiyya cewa mai masaukinsa ya kula da dukiyarsa da littattafansa. An binne shi a maƙabartar malamai ta birnin. Abdurrahman kuwa sai bayan fiye da shekara goma aka haife shi, ke nan sunan baƙon bai gushe ba a wannan gida har yaron ya girma ya rubuta tarihinsa.

Kammalawa

A ƙarni na 20 ne manazarta suka sake waiwayarsa. Bivar da Hiskett sun ambace shi a 1962 a nazarinsu na rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya, Claudia Zaslavsky kuma ta bayyana hanyoyinsa a littafinta Africa Counts a 1973. Wannan ya kamata ya zama izina gare mu. A Gwandu ne Heinrich Barth ya sami kwafin Tarihus Sudan a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, daga nan Turai ta san littafin. Gidajen malamai na wannan ƙasa ta Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo sun daɗe suna adana takardu, kuma gara da ruwan sama ba sa jiran kowa. Wajibi ne ɗaliban Hausa su haɗa kai da takwarorinsu na sassan lissafi da kwamfuta, a nemi izinin masu su, a ɗauki hotunansu, a fassara na fassarawa, domin yaronmu ya koyi rubuta manhaja yana sane da cewa kakanninsa sun taɓa bin wannan tafarki. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Alkashinawi, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.