Ludwig Guttmann: Likitan da ya assasa gasar Olamfik ta nakasassu

An haifi Ludwig Guttmann ranar 3 ga Yuli, 1899, a garin Tost na ƙasar Jamus, wanda a yau yake cikin Poland. Iyayensa Yahudawa ne. A 1917, yana saurayi, ya yi aikin sa-kai a asibitin masu haƙar kwal, inda ya ga wani ƙaƙƙarfan ma'aikaci da ya karye a ƙashin baya. Likitoci sun fid da rai da shi, bayan 'yan makonni kuwa ya rasu. A wancan zamani haka akasarin masu raunin laka suke ƙarewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su gama da su.

Guttmann ya kammala karatun likita a 1924, ya ƙware a aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a birnin Breslau. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, aka hana shi aiki a asibitocin gwamnati, sai ya koma asibitin Yahudawa, daga baya ya shugabance shi. A daren tarzomar Nuwamba 1938, ya ba da umarnin a kwantar da duk wanda ya nemi mafaka, ya kuma kuɓutar da mutum 60 daga kamu. A Maris 1939 ya yi hijira zuwa Ingila da iyalinsa.

A Fabrairu 1944 gwamnatin Birtaniya ta damƙa masa sabuwar cibiyar masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville, domin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya wajabta a riƙa juya majiyyaci kowane awa biyu, dare da rana, don hana gyambo. Ya kuma lura cewa yawancinsu samari ne da zuciyarsu ta mutu, saboda haka ya sanya wasanni da koyon sana'a cikin magani. Burinsa shi ne su koma gari su ci gumin kansu.

Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin kibiya a harabar asibitin. Mutum 16 suka fafata a kan keken guragu, biyu daga cikinsu mata. A 1952 'yan ƙasar Holland suka shigo, a 1960 kuma 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka hallara a birnin Rum. Wannan ita ake lissafawa a matsayin gasar Olamfik ta nakasassu ta farko.

Babban abin da ya kafa shi ne awo na gaskiya. Ana rarraba 'yan wasa bisa irin lalurarsu, a ƙirga maki, a auna lokaci, wanda ya yi fice a kira sunansa a rataya masa lamba. Ta haka yabo ya zama haƙƙin mai ƙwazo, kowa ya girbi abin da ya shuka. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi lambar girma ta Sir a 1966. Ya rasu ranar 18 ga Maris, 1980, yana da shekara 80.

Nijeriya ta fara shiga gasar a Barcelona a 1992, ta dawo da zinare uku. A Rio a 2016, nakasassunta sun ci lambobi 12, takwas daga ciki na zinare, alhali tawagar Olamfik ta samo tagulla ɗaya tak. A Paris a 2024, Mariam Eniola Bolaji, 'yar shekara 18, ta ci tagulla a wasan badminton. A gida ma, Misbahu Lawan Didi na Kano ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wasan da waɗanda shan inna ta taɓa suke bugawa da hannu a kan katako mai taya.

Har yanzu akwai samari da 'yan mata masu irin wannan baiwa a Minna da sauran garuruwanmu. Tarihin Guttmann ya nuna abin da suke buƙata: filin atisaye, mai horarwa, gasar da za ta auna su, da hukumar da za ta rubuta sunan wanda ya yi zarra.